Farautar Tsani a Kamfanin Katifa

A kamfanin katifa babu wanda ake gaisarwa da ladabi kamar shugabar ofishin kula da ma'aikata, babu kuma wanda ake addu'ar kar a ci karo da shi a hanya kamarta. A gaban idonta Anti ake ce mata. A bayan ido kuwa sunanta Anti Rufe-Ƙofa, don duk wanda ya shiga ofishinta abin da yake fara ji ke nan: shigo, rufe ƙofa. Da yawa daga cikin waɗanda suka rufe ƙofar nan ba su sake buɗe wata a kamfanin ba sai ta fita waje.

Ita ba muguwa ba ce, gara a faɗi wannan tun da wuri. Ba ita ke yanke hukunci ba. Manya ne a hedikwata suke zama a ɗaki mai sanyi su ce a rage mutum, sai a turo mata ta isar da saƙo. An taɓa tura ta kwas, inda aka koya musu yadda ake ba mutum mummunan labari ba tare da ya kifar da tebur ba: ka yi murmushi, ka fara da yabo, ka ambaci ƙwazonsa da riƙon amanarsa, sannan a hankali ka ce "amma". Anti ta dawo da wannan ilimi ta riƙe shi hannu bibbiyu. Shekara da shekaru tana aiki da shi, har ma'aikata suka haddace karatun fiye da ita. In ta sha mur, takardar hutu ce ba a cike daidai ba, ba wani abu. In kuwa ta yi maka murmushi, to je ka fara kwashe kayanka daga loka.

Sai ga shi wannan karon alheri ne a hannunta, na gaske.

Akwai wani mai lodi a sito da ake kira Tsani, saboda in ana son sauko da katifa daga can sama ba a wahalar neman abin takawa, shi ake ƙwala wa kira. Ma'aikacin wucin gadi ne, irin waɗanda ake biya a hannu, ba hutu, ba fansho, ba katin asibiti. Ya daɗe a haka har sababbin ma'aikata suna zaton tare aka gina siton da shi. Yana da 'ya mai ciwon sikila. Bara ya taɓa hawowa ofishin Anti da ƙafarsa ba tare da an kira shi ba, abin da ba a saba gani ba, ya tsaya yana sunkuyar da kai don kar fanka ta aske shi, ya tambaya ko akwai yadda za a yi a saka yarinyar a katin asibitin kamfani. Anti ta yi murmushi, ta yaba masa ƙwazo, ta ce amma. Ya yi godiya ya fita. Ranar ta kasa cin abincin rana.

Tun daga nan ta sa hedikwata a gaba. Ta rubuta, ta buga waya, ta lallashi mutanen da ko muryarsu ba ta son ji, har suka gaji da ita suka ba da gurbi ɗaya na ma'aikacin dindindin, suka ce ta saka wanda ta ga dama. Gurbin da katin asibiti yake zuwa, na mutum da iyalinsa. Sai dai da sharaɗi. Shekarar kamfani da wannan watan take ƙarewa, don haka dole mutumin ya zo da kansa a ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsa a na'ura, ya shiga cikin masu albashi kafin a rufe albashin watan ranar Juma'a. In ba haka ba, gurbin ya koma inda ya fito, sai kuma baɗi in ana raye.

Kuma ba ta da damar faɗa wa kowa. Ƙa'idar aiki ce, maganar mutum kunnensa take fara shiga. Ko da babu ƙa'ida ma, ta san halin gidan. Da an ji ƙishin-ƙishin akwai gurbi, kafin rana ta faɗi wayar manaja za ta ɗau zafi, kowane babban mutum ya tuna yana da ɗan ƙanwa da ke zaune ba aiki. An taɓa yi mata haka. Tana ji tana gani gurbin mai shara ya faɗa hannun wani da bai san inda ake riƙe tsintsiya ba.

Ranar Litinin da safe ta hango Tsani a tsakar kamfani ɗauke da katifa biyu a ka. Daɗi ya cika ta. Ta ɗaga masa hannu, ta sakar masa murmushin da rabonta da irinsa tun haihuwarta ta fari, har haƙoran ciki, ta ce in ya sauke kayan ya same ta a ofis.

Tsani ya tsaya cak. Katifun suka zame ta baya. Ya ce to, Anti. Ta koma sama ta gyara kujerar baƙi ta zauna jira. Shayinta ya huce, ta haɗa wani, shi ma ya huce. Tsani ko ƙeyarsa.

Abin da Anti ba ta yi la'akari da shi ba shi ne, ma'aikata ma suna da nasu ilimin ƙa'ida. Sun lura ba a korar mutum ta bakin wani, ba a kora ta waya, sai Anti ta zaunar da shi ta gaya masa ido da ido. Daga nan suka fitar da tasu fatawar: muddin maganar ba ta shiga kunnenka ba, kai ma'aikaci ne. Maganin abin kawai kar a haɗu. Foman, wato shugaban masu lodi, wani gajere mai faɗin ƙirji da ya ɗauki Tsani kamar ƙanin da suka fito ciki ɗaya, ya tara jama'a a bayan tulin soso. Ya ce bawan Allahn nan yana da marar lafiya a gida, kuma kowa ya ga irin murmushin da aka yi masa. Wata mai ɗinki ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin mai faɗinsa ba, ko ranar da aka rufe sashen filo gaba ɗaya bai kai haka ba. Aka yi shawara, baki ya zo ɗaya.

Tsani bai daina zuwa aiki ba, ina ya ga ta zaman gida? Kullum foman yana sa shi cikin waɗanda suka yi yini, motoci suna fita a cike, katifun sama suna saukowa. Mutumin ne kawai ba a gani. Anti ta sauko sito, aka ce yanzun nan ya bi mota. Ta dawo, aka ce ya je wanke hannu. Ta je ta tsaya kusa da famfo har ƙafarta ta yi tsami, sai aka ce ai ɗayan famfon ake nufi. Kamfanin famfo ɗaya gare shi.

Ta ja foman gefe ta ce ya kwantar da hankalinsa, alheri ne. Foman ya rusuna ya ce ai sun sani, Allah ya ƙara alheri. Sai da ta juya ta tuna cewa na ƙarshen da ta aika wa da "alheri ne" yanzu yana bakin titi yana sayar da cazar waya. Ta buga lambar Tsani, a kashe. Ta ɗauki direba suka bi adireshin da ya bayar lokacin da ya fara aiki, suka tarar an rushe gidan an mai da filin wurin wankin mota.

Daga baya ta gano ƙararrawa ake kaɗa mata. Da ta fito ofis takalminta ya ce ƙwas a kan matakala, sai masu ɗinkin rigar katifa su taka kekunansu gaba ɗaya, ƙara ta cika ginin, na sito ya san ta taso. Washegari ta zo da silifas. Ta sauko a hankali kamar mage, ta ci rabin hanya, sai kekuna suka ɗauka. Turarenta ne ya riga ta isa. Da gari ya sake wayewa ta zo ba turare ba ƙwas-ƙwas, ta yi sammako ta laɓe a ɗakin mai gadi tana leƙen ƙofar shiga. Mai gadi ya kawo mata kujera ya ƙame a gefe yana zufa, yana bitar duk barcin da ya taɓa yi a bakin aiki. Kowa ya shigo ban da Tsani. Tana komawa sama ta leƙa ta taga, sai ga motar soso ta tsaya a bakin sito, wasu dogayen ƙafafu biyu suna zurowa daga tsakiyar kaya. Kafin ta sauko mai ƙafafun ya yi layar zana.

Ta gwada wurin cin abinci. Ta ɗauki farantinta ta zauna a tsakiyar masu lodi, da niyyar ta ja su da hira ko wani zai yi suɓul da baka. Hirar da ta tarar ma ta mutu. Mutane suka riƙa tura shinkafa da zafinta, wani har ya bar namansa a faranti, abin da mai abincin ta ce ba ta taɓa gani ba tun da ta fara sana'a. Kafin Anti ta yi nisa da ci, ita kaɗai ta rage a benci. Abin ya yi mata ciwo, ba kaɗan ba. Ta san wanda matarsa ta yi ɓari a cikinsu, ta san wanda ta rufa wa asiri lokacin da yake ta makara saboda jinyar uwarsa, ta san wanda ta roƙar wa afuwa har sau biyu bai sani ba. Ga shi ba mai iya haɗiye loma a kusa da ita.

A gida da yamma maigidanta ya same ta a falo da jaka a cinya, ko takalmi ba ta cire ba. Tsohon malamin makaranta ne, ya san ba ta kawo maganar ofis gida, don haka a dunƙule ta ba shi labari: akwai wanda take son yi wa alheri yana ta gudunta. Ya ce ta nuna masa yadda ta kira mutumin. Ta nuna. Ya kalle ta ya ce shi ma da shi ne da tuni ya cika wandonsa da iska. Ya tuna mata ranar da ta zaunar da shi a wannan kujerar ta ce masa shi miji ne mai haƙuri da sanin ya kamata, shi kuwa ya yi maza ya amsa cewa shi ya goga motarta a jikin bango, ashe agogo ta sayo masa.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce to ya za ta yi, ta daina murmushi? Ai abin da ke biyo bayan murmushin ba nata ba ne, daga sama ake turowa.

"Na sani," in ji shi. "Su kuma ba su san fuskar na saman ba. Taki suka sani."

Mutum ɗaya ne a kamfanin ya san abin da ake ciki, Mai Albashi, don shi zai shigar da sunan. Ofishinsa yana jikin nata. Siriri ne mai tabarau, wanda a makon ƙarshen wata da gira yake amsa gaisuwa. Shi ma yana da tasa ƙaddarar. In albashi ya shiga a kan kari, kamfani ake sa wa albarka. In ya ɗan makara, shi ake ambata har da iyayensa. Bakin ƙofarsa ba ya rabuwa da mai cewa an ci masa kuɗin ƙarin lokaci, wato obataim, da wanda ya canza banki bai gaya wa kowa ba, da mai roƙon a buga masa takardar albashi ta dabam wadda zai nuna wa matarsa. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: tun da ya kama aikin nan albashi bai taɓa wuce tsakar ranar da aka sa ba.

Ranar Juma'a da safe ya shigo ofishinta ba sallama ya ce ya gama komai, layi ɗaya ya rage babu kowa a kai. Da rana ta take tsaka zai tura wa banki. Anti ta ce ya taimaka ya ɗan ƙara mata lokaci. Ya ce kwamfuta ba ta san sikila ba, ya fita.

Ta sake zagaya sito, ta leƙa banɗaki, ta leƙa ɗakin janareto, har ƙarƙashin mota ta duba, mace da girmanta. Da ta hawo sama rana ta riga ta take. Ta leƙa ofishin Mai Albashi don ta ji an tura, sai ta same shi ya harɗe hannu yana kallon silin. Bai dube ta ba ya ce intanet ne yau ba kyau. Ta kalli ƙaramar na'urar intanet ɗin da ke kan kabad, fitilunta kore shar. Ta ja masa ƙofa ta fito.

A ƙasa kuwa an fara zaro waya daga aljihu ana dubawa ana mayarwa. Wani ya kashe tasa ya kunna, ko laifinta ne.

Anti ta koma ofis ta cire silifas ta sa takalminta mai tsini. Ta fesa turare son ranta. Ta sauko matakala tana dokawa kamar ana buga ƙusa, kekunan ɗinki suka ɗauki ƙara, ita kuwa ta miƙe sai jikin bango ta sauke babban makunnin wutar sashen. Wuri ya yi tsit. Ta shiga sito ta tsaya a tsakiya, ta riƙe ƙugu, fuskar nan ba annuri ko na sisi.

Abin da ta faɗa a ranar ba ya cikin abin da aka koyar a kwas. Ta ce mako guda ke nan tana sanɗa kamar ɓarauniya a wurin aikinta. Ta ce ta kwana ta tashi da ciwon ƙafa, ta laɓe a ɗakin mai gadi, an tura ta famfon da babu shi. Ta ce foman ya ji kunya, da furfurarsa yana shirya wasan yara. Ta ɗaga murya ta ce Tsani ta san yana jin ta, mutum kamar falwaya yana wasan ɓuya a cikin soso, in ya san ciwon kansa ya fito. Ta yi musu tatas, har muryarta ta fara rawa. Ma'aikata suka yi tsuru-tsuru, suna mamakin ashe Anti ta iya faɗa irin na mutane. Amma ba wanda ya motsa.

Sai aka ji gyaran murya a bayanta. Mai Albashi ne, wanda yawancinsu ba su taɓa ganin ƙafafunsa ba, don daga ƙirji zuwa sama suka san shi ta bayan tebur. Ya gyara tabarau ya ce, da muryar da ba ta fi ta mai karanta sanarwa ba, albashi yana nan a shirye, dannawa ɗaya ya rage. Sai dai ba zai danna ba sai Tsani ya zo ofis.

Foman ya tambaya albashin wa ake nufi.

"Na kowa," in ji Mai Albashi. "Har nawa."

Ba wanda ya yi magana, wannan kam a ba su haƙƙinsu. Ba wanda ya nuna da yatsa. Idanu ne kawai suka ci amana. A lokaci ɗaya kawuna suka ɗaga sama, can ƙarshen sito, inda aka jera manyan katifu har suna taɓa kwanon rufi. Foman kaɗai ya kafe idonsa a ƙasa, yana jin haushin jama'arsa.

Daga saman aka ji murya ta ce kar a riƙe wa mutane haƙƙinsu saboda shi. Ƙafa ɗaya ta zuro, ta biyu ta biyo, Tsani ya sauko jiƙe da gumi, kansa duk ɓurɓushin soso. A hamatarsa akwai rigar aikin kamfani a ninke da takalman roba, ya riga ya wanke su don mayarwa. Ya ajiye su a gabanta ya ja da baya.

"Ranki ya daɗe, ofishin nan naki ba zan iya shigarsa ba. Ki faɗa a nan. Duk 'yan'uwana ne."

Anti ta dubi jama'a, ta dubi Mai Albashi. Ya ɗaga gira, wato ƙa'ida dai ta riga ta sha wuya yau. Ta ja numfashi ta ce kamfani ya ɗauke shi ma'aikacin dindindin, daga wannan watan, da albashi, da hutu, da fansho, da katin asibiti.

Shiru. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya ce madalla. Kowa ya sunkuyar da kai yana jira, irin jiran da ake yi wa allura bayan an shafa auduga. Tsani ya runtse ido.

Da shirun ya yi yawa foman ya taimaka mata. "Amma?"

"Babu amma."

Mai ɗinkin nan ta ce Anti ta daure ta ƙarasa kawai, sun riga sun shirya, jan rai ya fi abin ciwo. Anti ta ce wallahi ta gama, iyakar maganar ke nan, kuma in aka ƙara ɓata mata lokaci gurbin zai koma hedikwata su ci kansu. Rantsuwar ba ita ta gamsar da su ba, tsawar ce.

Tsani ya buɗe ido. Ya tambaya a hankali ko katin har da yarinyar.

"Har da ita, har da uwarta, har da kai in ka faɗo daga saman can ka karye."

Ya zauna a kan wata katifar da ba a cire wa leda ba, ya kife fuska a tafin hannu. Sai a lokacin sito ya kaure. Masu lodi suna dukan bayansa, masu ɗinki suna cewa ai su dama jikinsu ya ba su alheri ne, mai gadi ya baro ƙofa ya zo yana tambayar wa aka kora. Wani ya ce to me ya hana Anti faɗa tun farko, ta yi masa kallon da ya sa ya koma bayan mutane. Foman ya share ido da gefen riga, sannan ya matso kusa da ita ya rage murya ya tambaya ko gurbin ɗaya ne tak, don yana da wani ɗan ƙanwa mai hankali.

Aka rako Tsani sama kamar ana gudun kar ya sake ɓata. Hoto ya ba da wahala, sai da ya durƙusa sannan kansa ya shiga. Na'urar yatsa ta ƙi shi, don aikin lodi ya cinye zanen babban yatsansa. Aka goge, aka hura, aka gwada na hagu, ta ƙi. Mai Albashi yana kallon agogon bango yana cewa banki ba gidan ubansa ba ne. Sai a ɗan ƙaramin yatsa, wanda bai taɓa ɗaukar komai ba, na'urar ta yi ƙara ta karɓa. Mai Albashi ya cike layin da ya rage, ya tambayi sunan mata da na 'ya'ya, ya danna. Ya jingina da kujera ya ce shi ke nan, yau an ɓata masa suna, kuma ba wanda zai gode masa. Ba a jima ba aka fara jin wayoyi suna kuka a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ana sa wa kamfani albarka.

Tsani bai tashi ba. Yana ta murza hularsa. Can ya ce yana da roƙo: in Anti ba za ta damu ba, ta gaya wa mai ɗakinsa da bakinta, don in shi ya faɗa za ta ce kwantar mata da hankali kawai yake yi. Ya kunna wayarsa da ta yi kwanaki a kashe, ya kira, ya miƙa mata.

Anti ta gaishe ta da fara'a, ta tambayi yara, ta ce ita ce daga ofishin kula da ma'aikata, tana tare da maigidan. Ta fara cewa mijinta mutum ne mai ƙwazo, sai ta ji an ja salati a can, wani abu kamar kwano ya faɗi, layin ya katse. Ta sake kira, a kashe.

Mai Albashi ya kawar da kai yana danne dariya. Anti ma ta buɗe baki za ta ce ashe abin na gida ne, sai ta ga Tsani ba ya dariya.

"Ki yi mata uzuri, ranki ya daɗe," in ji shi. "Tun ranar da na gaya mata kin ce in same ki, take raba ƙwayar maganin yarinyar biyu. Rabi yau, rabi gobe. Ta ce gara ya kai mu zuwa lokacin da zan samu wani aikin."

Mai Albashi ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa. Anti ta miƙa wa Tsani wayarsa. Duk kwanakin nan da take sanɗa da silifas tana jin haushin an raina ta, ashe a wani ɗaki ana sa wuƙa ana tsaga ƙwayar magani saboda ita.

Ta tambaye shi ko yana da lambar wani maƙwabci. Ya ce akwai matar mai gidan da suke haya, ɗakinta na kallon nasu. Anti ta ɗauki jakarta, ta leƙa taga ta yi wa direba alama ya tayar da mota.

"Kira ta. Ka ce ta shiga yanzu ta ce a ba yarinyar ɗaya rabin. Sauran bayani in mun isa na yi."

Tsani ya miƙe, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin fanka yana neman lambar, ta biyo shi a baya.